Daɓen da Iya Ta Zauna a Kai

Da aka ce Iya ta cika, ba da kuka aka fara a gidanmu ba, da musu aka fara. Maƙwabciyarmu ta leƙo ta kan danga ta ce ƙarya ne, ai da safen nan ta ji ta tana zagin akuya. Na ce mata ba ƙarya, ta zagi akuyar, ta sha kununta, ta jingina da bango ta ce in miƙo mata mafici. Kafin in juyo da shi ta tafi.

Iya kakata ce, uwar mahaifina. Ita ta ɗauke ni yaye, ba ta kuma mayar da ni ba har aurena, kuma da mijina ya rasu ɗakinta na dawo. Ƙauyenmu ɗan ƙarami ne tsakanin Gaya da Ajingi, in ka yi gyangyaɗi a kan jaki sai ka wuce shi. Amma ran nan ya cika ya batse. Daga Gafasa aka zo, daga Balan aka zo, wasu a ƙasa wasu a keke. Musulmi suka cika zaure, masu bin Almasihu suka cika tsakar gida, matan zumunta na ta waƙa har muryoyinsu suka dishe. Duk wanda ya durƙusa ya ce "Ya haƙuri?" sai ya ƙara da tambayar shekarunta. Wa ya sani? Ita dai takan ce ta yi wayo sarai tun ana ciniki da kuɗin wuri, tun Bature bai tako Kano ba.

Wani tsoho a zaure ya ce, "Yau bakin garin nan ya yi shiru." Da maganar ta iso cikin gida mata suka yi dariya da hawaye a fuska, don ba wadda ba ta taɓa ɗanɗana bakin nan ba.

Baffa, autan Iya, shi kaɗai ya rage a cikin 'ya'yanta. Ya sauka daga motar Kano a Ajingi ya ƙaraso a ƙasa, da farar rigarsa. Yana ganin ƙofar ɗakinta ya zube, ya yi kuka irin wanda ban taɓa jin namiji mai furfura ya yi ba.

Sai Gwaggo ta gidan malamai. Ba jininmu ba ce, Musulma ce, matar marigayi malamin allo na unguwar gabas, amma Gwaggo na tashi ina ce mata, don aminiyar Iya ce. Ita ba ta yi kuka ba. Ta shigo tana dogara sanda, ta wuce masu gaisuwa, ta nufi randar da ke bayan rumbu, ta ɗaga faifai ta sunsuna.

"Ta jiƙa," in ji ta. "Kai, wannan mata! Ta jiƙa makuba sannan ta tafi ta bar mu da ita."

Wanda bai tashi a ƙauye ba zai ce mece ce makuba. Ɓawon ɗorawa ne. Iya takan tara shi tun bazara, ta shanya ta adana. In an gama girbi, Kirsimeti ya matso, sai ta jiƙa shi a randa har ruwan ya yi ja ya yi duhu. Shi ake yayyafa wa daɓen ɗaki ya yi ƙarfi ya yi sheƙi. Daɓen majami'armu kuwa, tun ranar da aka gina ta, Iya ce uwar gayyarsa, ba shekarar da ta tsallake.

Ranar da za a share makoki fasto ya zo a keke daga wajen Gaya, don mu ba mu da namu na zaune. A gabansa Baffa ya kawo maganar. Ya ce samari duk sun tafi Kano, ran Lahadi in ka leƙa majami'a tsofaffin mata ne da 'yan jikoki, bango ya tsage, ga wata ikkilisiya a hayin rafi da ta cika da mutane amma rufinta na yoyo. Kwanon da ke kan tamu shi ya saya, to a cire a kai musu, mu kuma mu riƙa zuwa can.

"Don Iya aka bar ƙofar nan a buɗe," in ji shi. "Yanzu Iya ta tafi."

Fasto ya ce, "Ni ba na rufe ɗakin da ake shiga, ba na kuma riƙe ɗakin da ba a shiga. Ku 'yan gida ku duba."

Ina durƙushe ina zuba musu fura, raina ya ɓaci. Hayin rafi! Wace tsohuwa ce a cikinsu za ta kai hayin rafi? Wadda ba ta gani, ko wadda sai ta huta a hanya kafin ta kai rijiya? In aka cire kwanon nan, sujadarsu ta ƙare ke nan har ranar da za a ɗauke su a makara. Amma 'ya ba ta katse baffanta a gaban maza. Na ɗauki ƙwaryata na fita.

Kafin in faɗi yadda aka ƙare, bari in gaya muku ko wace ce Iya, don kada a binne ta sau biyu.

Gajera ce, baƙa, mai faffaɗan tafin hannu. Ba waliyyiya ba ce, kuma da ta ji na ce haka da ta jefe ni da muciya. Garin tabarta na ƙulle a bakin zane har ta mutu. Fasto ya yi wa'azi a kai ya gaji. Wata Lahadi ya dubi inda take ya ce jikin mai bi ɗakin Allah ne, ita kuwa daga ƙasa inda take zaune ta amsa, "To ai turare nake yi masa." Majami'a ta kwashe da dariya, har shi faston.

Addu'arta ma ba irin ta mutane ba ce. Yadda ake magana da maƙwabci ta kan danga, haka take yi. "Ubangiji, ka ga dai gwiwar nan, kai ka yi ta, ba ni ba. Ban ce ka mayar da ita sabuwa ba, ka bar mini ita ta kai ni Lahadi." Da sa'o'inta suka ƙare ɗaya bayan ɗaya, idonta ya fara hazo, na taɓa samun ta zaune ta yi tagumi. Na ce, "Iya, lafiya?"

"Ƙawata," haka take kirana, "na tambaye shi me ya sa ya kwashe su ya bar ni. Ko ya manta da ni ne."

"Me ya ce?"

"Bai ce komai ba. To kafin ya amsa, ɗauko mini buhun makuba."

A wurin daɓe kuwa sarauniya ce, kuma azzaluma. Tun da sassafe za ta sa a kankare inda ya fashe, a zuba burji, a baje, a yayyafa ruwa. Mata su jeru a duƙe, kowace da madaɓinta na itace, a fara daga gaba inda fasto ke tsayawa, ana bugawa ana ja da baya har ƙofa. Ita ke ba da waƙa, mu amsa, madaɓai na sauka tare, tim, tim, har a gona ana ji. In ta ga hannunki ya yi sanyi sai ki ji madaɓi a idon sawu. "Ke, shafa shi kike yi? Mijinki ne?" Ni kaina na sha wannan dukan ba adadi.

Amma duk amaryar da aka kawo garin nan ba ta da dangi kusa, Iya ce ke fara sallama a ƙofarta. Haka suka san juna da Gwaggo. An kawo ta daga nesa tana yarinya, aka sa ta a ɗaki mai ƙura, ba uwa ba 'yar'uwa da za ta kira mata gayya. Sai ga wata baƙar mata da madaɓi a kafaɗa da tulun makuba a ka, ta ce, "Fito da kayanki waje, ba a fara aure a kan ƙura." A lokacin Iya ba ta ma zama mai bi ba, matar Bamaguje ce. Gwaggo ta ce ran nan ta san ta yi uwa a garin.

Abu ɗaya ne kowa ya sani game da Iya amma ba wanda ya san dalilinsa. In an gama daɓen majami'a, an ja da baya har an fita ƙofa, kafin ya gama shan iska sai ta wanke ƙafa ta koma ciki ita kaɗai. Ta je tsakiya ta zauna daɓas, ta miƙe ƙafafu, ta dafa ƙasa da hannu biyu. Zanenta ya ɓaci da makuba, ba ruwanta. Mata su yi ta tsiya daga waje, "Iya, kin ɓata mana aiki!" Ita kuwa ko kallonsu ba ta yi. Kuma nan ne wurin zamanta kowace Lahadi, a ƙasa, ba tabarma.

A kan wannan suka yi faɗa da Baffa. Shekarar da ya sa kwano ya zo da bencuna a mota, ya ce kuma zai kawo siminti a shafe ƙasa a huta da wahalar daɓe. Da kyakkyawar niyya ya yi, wannan ba na hana shi. Ran Lahadi kowa ya hau benci yana murna, Iya ta ratsa ta tsakiya ta zauna a ƙasa. Bayan sujada ya same ta a gida, ni ina gefe ina tankaɗe.

"Iya, kunya kike so ki ba ni? A ce uwata na zaune a ƙasa kamar baiwa, ni da na kawo kujeru?"

Na ga fuskarta ta canja. Ta dube shi ta ce, "Bencinka na da kyau, Allah ya yi maka albarka. Amma ran da siminti ya shiga ɗakin nan, ni na fita."

Ya tashi ya kaɗe riga ya koma Kano, sai da damina ta wuce kafin ya sake takowa. Siminti dai bai zo ba. Ita kuma ba ta ƙara tayar da maganar ba, amma kwana da kwanaki tuwo kaɗan take taɓawa.

A cikin kwanakin nan ne ta gaya mini. Muna gindin ɗorawa da hantsi, ina yi mata tsifa. Ba ta juyo ba, kanta a cinyata ta yi maganar.

Ta ce tana 'yar yarinya, haƙoranta na fari ba su daɗe da zuba ba, suka fita tsintar ɗorawa da yayarta. Mahara suka ɓullo a kan dawakai. Yayar ta tsere cikin dawa, ita aka sure ta. Ba ta ƙara ganin uwarta ba, sunan garinsu ma ya ɓace mata. Aka bi da ita hannu zuwa hannu har wani babban gida a cikin Gaya, da kuɗin wuri aka biya. A can ta koyi daɓe. Gida ne mai ɗakuna da yawa, in an gama wannan a shiga wancan, mai tsaronsu na tsaye da tsumagiya. Suna bugawa suna ja da baya, in sun kai ƙofa shi ke nan, an gama da su. Ɗakin da ta daɓa da hannunta ba ta isa ta sake taka shi ba sai in shara za ta yi, a duƙe. Wata rana gajiya ta kayar da ita ta zauna a kan wanda suka gama, don santsinsa ya ba ta sha'awa. Ta ɗaga mini riga ta nuna mini tabon a gadon bayanta. Na sha ganinsa ina yi mata wanka, na zaci ƙuna ce.

Bayan zamani ya juya ta fita daga gidan, ta auri kakana, ta haihu, ta yi jikoki. Sannan wani mai bishara, Bahaushe ɗan'uwanmu, ya fara zuwa garin yana wanke wa mutane gyambo yana faɗar labarin Yesu Almasihu a gindin tsamiya. Ta ce ita daga nesa take tsayawa da tulu a ka, ba ta yarda da shi ba. Da masu binsa suka yi yawa suka tayar da ɗaki, aka zo neman mai daɓe, kowa ya ce sai ita. Ta je ta tsaya a ƙofa ta tambaye shi.

"Malam, in an gama, wa zai zauna a ciki?"

Ya ce, "Kowa."

"Har wadda ta yi daɓen?"

Ya ce, "Ita ce ma ta fari. Mai ɗakin nan da kansa ya durƙusa ya wanke ƙafafun masu yi masa hidima."

Ta ce ba ta gaskata ba, gwada shi ta yi. Da aka gama ta koma ta zauna a tsakiya, bayanta na jiran bulala. Ba wanda ya ce ta tashi. Mai bisharar ma ya tuɓe takalmi ya shigo ya zauna nesa kaɗan, ya yi shiru tare da ita. "Karatu ban iya ba, ƙawata," in ji ta. "Wa'azi rabi nake ganewa. Amma wannan na gane shi. Daga ranar na bi."

Na ce, "Iya, me ya hana ki gaya wa Baffa?"

"Ke ma dai. Wace uwa ce za ta dubi ɗan da ta haifa ta ce masa an taɓa sayar da ita? Ke jika ce, da ke ba kunya. In na mutu, in kin ga da amfani, bakinki ne."

A shekarunta na ƙarshe ba ta iya duƙawa. Sai mu ɗauke ta mu ajiye a gaba, ta daɓa iya inda hannunta ya kai, a ja ta baya, ta sake. Bugunta bai fi na yaro ba, amma bakin na nan da ƙarfinsa. Bana ma ta jiƙa makuba, Mai ɗakin ya kira ta kafin ranar.

To, washegarin share makoki na sami Baffa shi kaɗai a gindin ɗorawar nan. Na durƙusa na ce, "Baffa, ina da magana, in ka ba ni izini." Na faɗa masa duka, ban rage ba. Da na zo kan tabon ya ɗaga mini hannu, na dakata, sannan ya ce in ci gaba.

"Kamar baiwa," ya ce a hankali. "Haka na ce mata, ko?"

"Haka ka ce, Baffa. Ba ka sani ba ne."

"Ke ta gaya wa. Ni ba ta gaya mini ba."

Ya tashi ya nufi gona, bai ce an fasa ba, bai ce ba a fasa ba. Kafintan da zai cire kwanon kuwa an riga an yi da shi zai zo ran Asabar.

Na ce to, ni dai abin da na iya shi zan yi. Na bi gida gida na kira gayya, ran Asabar ɗin. Wata ta ce, "Daɓen me, ɗakin da za a kware?" Na ce, "A kware shi a kan sabon daɓe." Muka kwaso burji da jakin maƙwabta. Na ɗauko madaɓin Iya daga bayan gado, hannunsa ya lotsa daidai yatsunta, nawa ba su cika wurin ba.

Ran Asabar muka jeru, tsofaffi da mu masu bi musu, ba mu cika faɗin ɗakin ba. Muna shirin farawa sai ga Gwaggo a ƙofa da sandarta, bayanta surukanta da jikokinta mata, kowace da madaɓi.

Na ce, "Gwaggo, majami'a ce fa."

"Na ce miki makauniya ce ni? Ba sallarku na zo ba, daɓe na zo. Matsa."

Ba mai ba da waƙa, sai na ba da. Muryata ta karye a farko, Gwaggo ta daka mini tsawa, "Ɗaga murya, ba makoki muke ba!" Madaɓai suka sauka tare. Na ji gwiwata na ƙara, na ce, Ubangiji, ka ga dai gwiwar nan. Sai da na faɗa na tuna bakin wa na ara.

Rana ta take tsaka kafinta ya iso da tsani a kafaɗa, Baffa na gabansa. Ta taga na hange su. Kafinta ya jingina tsani da bango yana jiran umarni. Baffa ya tsaya yana sauraron bugun nan da ya tashi yana ji tun yana goye. Ba mu tsaya ba. Muka yayyafa makuba, muka sake bi, muna ja da baya har muka fita ƙofa. Daɓe ya yi ja ya yi sheƙi, ƙamshin ɗorawa ya cika wurin.

Mata suka yi cirko-cirko suna kallona, don lokacin da Iya ke komawa ciki ne. Na ɗebi ruwa zan wanke ƙafa, sai na ji an karɓe butar daga hannuna. Baffa ne. Ya tuɓe takalmi, ya wanke ƙafafunsa, ya sunkuya ya shiga. Ya ratsa har tsakiya ya zauna daɓas da farar rigarsa, ya miƙe ƙafafu, ya dafa ƙasa da hannu biyu.

Na ce, "Baffa, bai bushe ba, rigarka."

"Bar ni," in ji shi.

Kafinta ya leƙo ya ce, "Maigida, in hau?"

"Hau. Akwai inda ke yoyo ta gabas, ka toshe shi."

Fasto ya zo ran Lahadi ya tarar da ƙofa a buɗe. Ba mu da yawa, kuma ban ce za mu ƙaru ba, wannan na Allah ne. Bango na nan da tsagarsa, za mu yaɓe shi kafin damina. Rigar Baffa an wanke ta an sake wankewa, jan bai fita ba, matarsa ta aiko tana tambayata ko da dabara. Na ce babu, makuba ba ta fita.

Iya, kin sha wuya kin kuma huta. Wanda ya bar ki kika zauna a ɗakinsa na ƙasa, ya zaunar da ke a nasa na can, inda ba mai ce miki tashi. Mu da kika bari, ya ba mu gwiwa. Buhunki na rataye inda kika bar shi, ɗorawa na fara nuna zan fita tsinta.